Ƙwarya Goma Daga Rigar Malam

A zamaninmu, duk maɗinkin da ya san ciwon kansa ba ya karɓar babbar riga sai an ƙirga ta a gabansa. Rigunan lokacin ba na yadin kanti ba ne. Masaƙi ne ke saƙa ƙyalle siriri mai tsawo, faɗinsa bai wuce yatsu uku ba, shi muke kira ƙwarya, sai maɗinki ya jera su ya yi ta haɗawa da allura har su tashi riga. In mutum ya kawo maka gyara, sai ku shimfiɗa ta a tabarma, ku bi ta ƙwarya-ƙwarya da yatsa, kuna faɗa da ƙarfi, daga bakin wannan hannu zuwa bakin wancan. Ran karɓa ma haka. Manya suna cewa ba rashin yarda ba ne, wai toshe ƙofar shaiɗan ne. Ni dai na san rashin yarda ne, domin na san halin maɗinka, a cikinsu na tsufa.

Sau ɗaya tak na karɓi riga ban ƙirga ba, kuma har yau da idona ya daina ganin kafar allura ban gama biyan wannan sakaci ba.

Abin ya faru ne a garinmu, wani ɗan gari a gindin duwatsu, tafiyar hantsi daga Dutse. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da mata ɗaya, da rumfa a ƙofar gida inda nake ɗinki. Ba a daɗe da fita daga babbar yunwa ba, wadda ta sa mutane suka sayar da komai, har zannuwan aure, don mudun gero. Kafin mu miƙe kuma sai ga yaƙin Nasara da Jamus. Mu ba mu taɓa ganin Jamus ba, ba mu san abin da ya haɗa su faɗa ba, amma a jikinmu muka ji shi. Yadin akoko da na alawayyo da fatake ke kawowa daga Kano suka ɗauke ƙafa, wanda ya zo kuwa sai dai ka taɓa ka wuce. Auduga ma ta yi wuya, don gonakin da aka saba shuka ta duk an mai da su na gyaɗa saboda haraji. Mata suka rataye mazari, masaƙa suka koma ƙwadago.

Sai tufafi suka fara ƙanƙancewa. Wandon da a da mutum biyu za su shiga su yi hira, ya koma tsukakke. Samari suka koma 'yar shara, wadda dattawa ke cewa rigar wanda aka koro daga gida ce. Waɗanda aka ɗiba dakon kayan soja kuma suka dawo da wata 'yar taguwa mai maɓalli, iya ƙugu, duk wanda aka gani da ita sai a daina magana in ya iso, don ana zaton kunnen Nasara ne. Kowa ya zama mai kallon jikin kowa. In ka fito da sabon abu, kafin ka kai masallaci an gama binciken inda ka samo shi. Ni kaina na ƙware a wannan, ba zan ɓoye ba. Mutum na gaishe ni, idona na kan ɗinkin wuyansa ina tambayar kaina na wane ne a da.

Riga ɗaya ce a garin duk wannan bai taɓa ta ba, ita ce rigar Malam. Malam shi ya koya mini karatu tun daga baƙi har na sauke, shi ke jan mu sallar idi, shi kuma ya tsaya mini a matsayin uba ran ɗaurin aurena. Rigarsa saƙi ce mai ƙwarya sittin, gadon mahaifinsa, da aikin zare irin na aska a ƙirji. Sau biyu take fitowa a shekara. Yara ma sun san lissafinta, don in ana gardamar wani abu mai yawa sai a ce, "Ya kai rigar Malam?" A cikin yunwar ma, da aka ga ya fito da ita filin idi, sai mutane suka ji kamar garin bai gama lalacewa ba.

Ana saura mako biyu babbar salla, da rana tsaka, sai ga Malam da kansa a rumfata, da ƙunshi a hammata. Wannan kaɗai ya isa ya sa in yi tunani, don bai taɓa kawo mini abu da hannunsa ba, aike yake yi. Ya ce wuyan rigar ya yage, shafin ƙasa, ƙyallen da ake ɗinka mata ta ciki, shi ma ya mutu, in duba masa kafin salla. Ya kuma ce kada in yi aikin a rumfa saboda ƙura, in shiga da ita ciki. Na durƙusa na karɓa hannu biyu. Ya ɗan tsaya kamar yana jiran wani abu, ni kuma na sunkuyar da kai. Ta yaya zan ce wa mutumin da ya ɗora mini alƙalami a hannu, "Malam, zauna mu ƙirga"? Ko a mafarki bakina ba zai iya ba. Ya sa mini albarka ya tafi.

Kwana shida na yi a kanta a tsakar gida. Na ji ba ta da nauyin da nake zato, amma na ce tsufa ne da wanki suka cinye ta. Wuya da shafi aka ce in gyara, su na sa wa ido, ban ko ware hannayen ba.

Da na kai ta ban sami Malam ba, ya tafi jana'iza wani ƙauye. Babban ɗansa na tarar a zaure, wanda nake kira Yaya don ya girme ni kuma tare muka yi karatu. Yaya fatauci yake yi tsakanin garinmu da Ringim, matarsa ta rasu a yunwar bai sake aure ba, kuma mutum ne da ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa ƙasan moɗa. Ban da haka, kowa ya san ya daɗe da sa wa rigar nan rai, yana kallonta a matsayin gadonsa tun mai ita na da rai. Ya karɓa, ya ce in dakata. Ya shimfiɗa ta, ya bi da yatsa. Ya kai ƙarshe ya dawo ya sake. Sannan ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hamsin."

Na yi dariya, na ce ya sake dubawa. Muka ƙirga tare. Hamsin ne, biyar babu a kowane hannu.

Ya tambaye ni nawa muka ƙirga da Malam ran da aka kawo ta. Na ce ba mu ƙirga ba. Ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da ta fi zagi ciwo, ya naɗe rigar ya shige gida.

Kafin magariba labarin ya zaga gari. Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne maƙwabcina. Yana cikin waɗanda suka dawo daga dakon soja, kuma a makon nan na ɗinka masa 'yar shara ta saƙi daga wani tsohon zane da ya ce na uwarsa ne. Sai aka ce biri ya yi kama da mutum. Wai na yanki rigar Malam na ɗinka wa yaron Nasara. Washegari mutum biyu suka zo suka karɓe ɗinkinsu ban gama ba, ɗaya ma da allurata a jiki. Maɗinkin da aka ce yana yankar ƙwarya ya gama yawo, don ba wanda zai ƙara ba shi ko bante. Kuma ba ni da gona mai kirki, allurar nan ita ce garmata.

Malam ya dawo, ya ji, bai aiko a kira ni ba. Na je gaishe shi da safe, aka ce ba ya jin daɗi.

To, ni na san ban ɗauka ba, saboda haka wani ne. Nan zuciyata ta shiga aikin da ta fi iyawa. Na fara da maƙwabcin nan. Katangarmu ɗaya, ta zana ce, kuma na tuna ranar da ya leƙo yana tambayar ko ina da garwashi. Me zai yi da garwashi da azahar? Na je na ce ya ba ni 'yar shararsa zan ƙara mata ɗinki. Na kai ta rana na duba zare-zare. Saƙinta mai kauri ne, na Malam kuwa lafiyayye, ko makaho ya shafa zai bambance. Na mayar masa ina jin haushinsa don bai zama ɓarawo ba.

Na koma kan Yaya. Wa ya sani ko shi ya zare su tun da daɗewa ya kai kasuwa, ya sami wanda zai jingina wa? Me ya sa ya ƙirga, in ba ya san abin da zai tarar ba? Wannan zaton ya yi mini daɗi ƙwarai, na kwana biyu ina juya shi. Amma Malam ne ke riƙe da mabuɗin akwatin da rigar ke ciki, a wuyansa yake rataye, kuma Yaya ko ɗinkin yagar aljihunsa ni yake kawo wa.

Saura mutum ɗaya da ya zauna da rigar kwana shida ban da ni. Matata zanenta ɗaya ne a lokacin, in ta wanke sai ta zauna a ɗaki ya bushe. Kuma tun da maganar ta tashi ta yi shiru irin wanda ban san ta da shi ba. Mace ce mai baki, da za ta fita ta tsine wa duk wanda ya kira mijinta ɓarawo, amma ko uffan. In na yi maganar sai ta tashi ta kama wani aiki. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Ran nan ta tafi rijiya, na shiga ɗakinta na zazzage adudunta, na ɗaga tabarma, na sa hannu har cikin tukwanen da ta jera. Ina cikin haka ta dawo da tulu a ka. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi kayanta a ƙasa, ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sauke tulun ta ce, "Maigida, ka manta da ƙarƙashin murhu." Ta wuce ta bar ni a tsugune. Na ji kunya, amma gaskiya ko a lokacin zaton bai sake ni ba, har murhun na leƙa da ta ba da baya.

Ana jibi salla aka ce dattawa za su zauna a kan maganar bayan la'asar, a ƙofar masallaci. Da safe na je wurin Yaya na roƙe shi ya bar ni in ga rigar sau ɗaya, a gabansa. Ya fito da ita yana tsaye a kaina kamar zan haɗiye ta. Na juya hannun na bi haɗin ƙwarya ɗaya bayan ɗaya. Kowane maɗinki yana da hannunsa, kamar yadda kowane marubuci yake da nasa. Ɗinkin asali ƙanana ne, a jere, aikin wani gwani da ya mutu tun ba a haife ni ba. Can wajen tsakiyar hannu sai na ci karo da wani daban. Taku mai faɗi, zare riɓi biyu, kuma da na murza shi a yatsa na ji santsin kakin zuma. Ba maɗinkin tufa da ke shafa wa zare kaki haka. Mai ɗinkin fata ke yi. A garinmu kuwa babu baduku, mutum ɗaya ne ke ɗinka gafakar littattafansa da kansa, kuma na yi shekaru ina zaune a gabansa ina kallon yadda yake jan zaren a kan kaki kafin ya zura.

Yaya ya tambaye ni abin da na gani. Na ce ba komai. Na tashi na tafi.

A gida na sami matata tana tankaɗe. Na zauna nesa da ita na ce na san wanda ya cire. Ba ta ɗago ba. Ta ce ita ma ta sani, tun kafin a kawo rigar gidan nan. Sai ta ba ni labari. Inna, matar Malam, ta yi wata da watanni ba ta leƙa ko tsakar gida sai da tsohon gwado a jiki, ana cewa sanyin ƙashi ke damunta. Ashe zanenta na ƙarshe ne ya mutu, ya wuce ɗinki. Matata ta saba shiga wurinta ba jiran izini, don kamar 'ya take a gidan. Wata rana ta faɗa ɗakin ta same ta ɗaure da ɗan guntun zane na saƙi mai kyau, an yanka ƙwaryoyin biyu-biyu an haɗa da wani irin ɗinki na maza. Inna ta jawo gwado ta rufa, ta kama hannunta ta ce ta rufa mata asiri don Allah. Yaya kuwa ɗan fari ne, tsakaninsa da uwarsa sai gaisuwa daga bayan ƙofa, bai taɓa sa ƙafa a ɗakinta ba, ina zai gani?

Na ce mata, "Kina kallo ana kirana ɓarawo, kina kallo ina zazzage kayanki, ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Na yi alkawari. Kuma na ɗauka Malam zai faɗa."

Ni ma haka na ɗauka. Da wannan na tafi masallaci, da gaskiyata a baki, ina cewa a raina ba sai na furta ba, shi zai wanke ni. Mutumin da ya koya mana cewa ƙazafi ya fi sata muni ba zai zauna a yi mini a gabansa ba.

Mutane sun taru fiye da yadda na zata, har waɗanda ba sa zuwa la'asar sun zo. Malam na zaune a kan buzunsa, ya jingina da bango. Na daɗe ban dube shi da kyau ba, sai ran nan na ga yadda wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Yaya ya shimfiɗa rigar ya ƙirga a gaban kowa. Wani dattijo ya ce in faɗi abin da na sani. Na ce ban ɗauka ba. Ya ce to wa ya ɗauka?

Na dubi Malam. Idonsa na kan carbi. Abin da zan faɗa gajere ne: a juya hannun rigar, a shinshina zaren. Amma daga nan sai a tambayi ina ƙwaryoyin suka tafi, kuma amsar ita ce matar limamin gari ta rasa abin da za ta rufe jikinta, har mijinta ya zauna a ɓoye yana farke gadon ubansa. Kafin dare kowace mace a rijiya ta ji. Tsohuwar da ta sha ba ni ɗumame ina yaro ba za ta ƙara ɗaga kai a garin ba. Na ba shi lokaci, wallahi na ba shi, har shirun ya yi tsawo mutane suka fara gyaran murya.

Sai Malam ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce riga tasa ce, ba ta kowa ba, kuma bai kai ƙarar kowa ba. Ya ce zamani ya yi tsanani, Allah kaɗai ya san abin da kowa ke ciki. Zuciyata ta fara sanyi, na ce ga shi nan zai faɗa. Sai ya ce, "A bar maganar nan. Ni na yafe."

Wurin ya ɗauki salati da sa albarka. Ana ta cewa ka ji malamin kirki, ka ji mai haƙuri. Wani ya dafa kafaɗata ya ce in matsa in yi godiya mana, me nake jira. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, ko ran da na binne mahaifiyata. An yafe mini satar da ban yi ba, kuma wanda ya yafe ɗin ya fi kowa sani. Na ja gwiwa na isa gabansa na durƙusa, na ce, "Na gode, Allah gafarta Malam." Ya ɗora hannu a kaina kamar mai sa albarka. Ya sunkuyo har gemunsa ya taɓa kunnena, ya ce yadda ba wanda zai ji, "Kai ma ka yafe mini."

Na tashi na nemi takalmina na tafi.

Ran salla ya fito da rigar a haka. Hannayenta ba sa kai inda suka saba, ba sai ya yi ta naɗe su a kafaɗa ba. Dattawan da ke zagin 'yar shara suka dube shi suka ce ai wannan ma ta fi tsari, ba ta sharar ƙasa. Kafin damina ta zagayo rabin manyan garin sun rage nasu, abin da aka cire kuma ya shige cikin gidaje, ba mai tambayar kowa. Daga baya har ya zama yayi, samari na zuwa suna cewa a yi musu irin ta Malam. Da yawa ni suka kawo wa ragin, wai na iya cire ƙwarya ba a gane ba. Suna faɗa suna dariya, ni ma ina taya su. Amma ba wanda ya ƙara miƙo mini ko hula bai ƙirga sau biyu ba, kuma 'ya'yana sun tashi sun tarar ana yi musu gori da abin a wurin wasa.

Malam ya ƙara shekara biyu a duniya. Kullum da safe ina zuwa gaishe shi kamar da, kullum kuma in na durƙusa sai ya riƙe hannuna ya ɗan daɗe bai saki ba, yana dubana. Na san abin da yake jira. Kalma biyu ce, "na yafe", kuma sau da yawa na fito daga gida da niyyar faɗarta, sai in na isa zauren in fasa. Ina cewa gobe. Ran da ya rasu ni aka kira na haɗa likkafaninsa, na faɗa masa a lokacin ina ɗinki, na maimaita har sau uku, amma ba shi da kunnen ji.